Sawun Ruwan Azurfa

Ranar Talata da safe aka gano ɓarnar. Malamar kimiyyar sinadarai ta buɗe kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje, ta ɗauko kwalbar nan mai duhu wadda ake ajiye ruwan azurfa a ciki, ta ɗan tsiyaya a gilashi. Ruwan da ya kamata ya fito garau kamar na sha, sai ga shi fari dususu, kamar an ɗiga masa madara. Da ta gwada ƙarfinsa ta tarar ya ragu da rabi. Wani ya kwashi rabin kwalbar, ya cike gurbin da wani ruwan don kada a gane. Ga shi ranar Litinin mai zuwa 'yan ajin ƙarshe za su yi jarrabawar gwaji, kuma kwalbar ke nan guda a makarantar.

Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba. Don haka kafin a kaɗa ƙararrawar tashi, makarantar kaf ta gama yanke hukunci cewa Inna Kwalba ce. Ita ke share ɗakin da wanke gilasai shekara ashirin da biyu, har yara suka manta sunanta na yanka suka laƙaba mata wannan. Makulli yana rataye a wuyanta. Wani kuma ya tuna cewa mijin 'yarta maƙerin zobba ne a kasuwa. Azurfa ta ɓace, ga maƙeri a dangi. Ga masu ƙyuyar tunani, magana ta ƙare a nan.

Mataimakin shugaban makaranta ya fi kowa zafi. Mura ta kama shi a ranar, ya sa takunkumi ya rufe baki da haɓa, amma hakan bai hana muryarsa kaiwa bakin titi ba. Tun kafin azahar ya rubuta takardar kora. Shugaba, mutum mai sanyin hali, ya ce a bari zuwa Juma'a da tsakar rana. In ba a sami wata magana ba zai sa hannu, a kuma miƙa ta ga 'yan sanda.

*

Da la'asar, ana yayyafi, Inna ta isa gidan yayan marigayi mijinta. Baba Sawu ake ce masa. Bokonsa bai wuce aji biyu ba, amma ya yi shekara talatin yana bin sawun shanun sata, daga baya 'yan sanda suka riƙa ɗaukarsa in mutum ya ɓace a daji. Yanzu gwiwa ta ce ta gaji. Ta same shi a ƙofar ɗaki yana kwance wata tsohuwar rediyo da ta ƙi gyaruwa tun bara.

"Yaya, sun ce ni ɓarauniya ce."

"Su wa?"

"Kowa. Har malaman da na sani tun suna 'yan aji ɗaya da gajeren wando."

Ya ajiye sukundireba. "Kin ɗauka?"

Ta ɗago ta dube shi, idonta ya yi ja.

"Kada ki harare ni. Ko mahaifiyata ce ta zo, da wannan nake farawa."

"Ban ɗauka ba. Amma ba wannan ya fi ƙona min rai ba. Yaya, da ruwan famfo aka cika kwalbar. Ruwan famfo! Ni, bayan shekara ashirin da biyu, in zuba ruwan famfo a ruwan azurfa? Su ce min ɓarauniya, su kuma haɗa min da jahilci?"

Baba Sawu bai san laifin ruwan famfo ba, shi da yake sha kullum. Amma ya ga ɓarayi da yawa a rayuwarsa, bai taɓa ganin wanda ya fi jin haushin ƙazamin aiki a kan sunan sata ba. Ya tura rediyon gefe.

"Je ki gida ki ci abinci. Gobe ki fita aiki kamar kullum, ki share ɗakinki. Zan zo."

*

Laraba ta waye da hadari, kwana na uku ke nan rana ba ta leƙo ba. Baba Sawu ya tsaya a farfajiyar makarantar ya dubi ƙasa, ya girgiza kai. Ruwa ya wanke ta, sannan ƙafar yara ɗari takwas ta bi ta kai. Ko raƙumi aka ja ta wurin, ba za a gane ba.

Ginin dogo ne guda ɗaya. Ɗakin gwaje-gwaje yana can ƙarshe, baranda mai rufi da ginshiƙai ta bi gabansa ta wuce azuzuwa, har ta shige wani lungu mai duhu inda ofisoshi suke. Ya zagaya baya. A ƙarƙashin tagar ɗakin gwajin, inda indararo ya kare ƙasa daga ruwa, ya ga sawun takalmin roba, babba, dugadugan hagu ya cinye. Mai takalmin ya daɗe a tsaye a wurin.

Bai sha wahalar nema ba. Takalmin yana ƙafar mai gadi.

"Abokina, me ka tsaya yi a bayan tagar can?"

Mai gadi ya waiga hagu da dama. "Baba, don girman Allah kada ka gaya wa Mataimaki. Taba nake sha a wurin. Ya ce in ya ƙara gani na da ita, na bar aikin."

Baba Sawu ya riga ya ga guntayen tabar an tura su cikin ramin bulo. "Shekaranjiya Litinin bayan an tashi, wa ya rage a ciki?"

"Shugaba da Mataimaki da malamai biyu masu yi wa takardun yara maki. Inna ta fita da wuri, jikarta ba lafiya. Hannunta biyu a sake, lema kawai ta riƙe."

"Ka faɗi haka jiya?"

"Wa ya tambaye ni? Mai gadi ai buɗe ƙofa aka sani da shi."

"Makullin ɗakin guda nawa ne?"

"Uku. Na Inna, na Malama, da wanda ke rataye a jikin allo a lungun ofisoshi. Wannan duk mai shiga lungun yana ganinsa."

*

Ya tarar da Malama a ɗakin gwajin, yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ta uku ba, ta zabga tagumi a gaban kwalbar. Inna tana can gefe tana goge gilasan da suka riga suka bushe.

"'Yata, ni ban yi karatu ba," in ji shi. "Ki yi min bayani kamar kina gaya wa ɗan aji ɗaya mai taurin kai. Mene ne wannan ruwan azurfa, kuma me ruwan famfo ya yi masa?"

Malama ta ɗan saki fuska. Ta ɗauko gilashi biyu. A na farko ta zuba ruwa daga wata jarka fara da ke bayan ƙofa.

"Wannan tataccen ruwa ne, Baba. An tafasa shi an tara tururinsa, babu komai a ciki sai ruwa tsantsa." Ta ɗebi gishiri da ɗan cokali ta zuba, ta juya. "Ina gishirin?"

"Ya ɓace."

"Ɗanɗana."

Ya tsoma yatsa ya kai baki. "Yana nan."

"To wannan shi ne narkewa. Gishirin ya farfashe ƙanana-ƙanana ya bazu a ruwan, ido ba ya ganinsa, amma bai zama wani abu dabam ba. In ka shanya ruwan ya ƙafe, gishirinka zai dawo."

"Wato ɓuya ya yi. Kamar saniyar sata a tsakiyar garke."

"Haka. Ruwan azurfa ma haka yake. Wani irin gishiri ne da aka haɗa daga azurfa, muka narkar da shi a tataccen ruwa. Yanzu duba." Ta buɗe wata 'yar mitsitsiyar kwalba, ragowar na darasin makon jiya, ta ɗiga a gilashi na biyu mai tataccen ruwa zalla. Babu abin da ya faru. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a ruwan gishirin. Nan take wani farin gajimare ya tashi a ciki, ya murɗa, ya fara sauka ƙasa.

Baba Sawu ya ja baya kaɗan. "Ikon Allah."

"Wannan kuma ba narkewa ba ne. Abu biyu sun gamu, sun yi musanye, sun haifi na uku wanda ba ya narkewa. Ko ka shanya shi, ba za ka sami abin da ka zuba ba. Ruwan famfo kuwa akwai ɗan gishiri-gishiri a cikinsa wanda harshe ba ya ji, amma azurfa tana ji. Shi ya sa kwalbar ta yi fari."

"Wa ya san haka a makarantar nan?"

"Ni da Inna da duk ɗalibin da ba ya barci a ajina."

"Da an cika da na jarkar can fa?"

"Da ban gane ba sai ranar jarrabawa, lokacin da amsar yara za ta fito a karkace."

Ya dubi jarkar. Taku biyu ne tsakaninta da kabad. Famfon kuwa yana can ɗaya kusurwar. Mutum ya tsallake abin da zai rufa masa asiri, ya je ya ɗebo abin da zai tona shi.

"Kin gaya wa Shugaba?"

"Na gaya masa. Mataimaki ya ce ai da gangan ta yi, don a ce ba ita ba ce."

Daga gefe Inna ta ja tsaki har gilashin hannunta ya yi ƙara.

*

Yana fitowa wasu yara suka rufe shi da rahoto, wai akwai wata 'yar ajin ƙarshe mai baƙin yatsa, su dai ba su ce komai ba. Aka kira ta. Uwar Tambaya suke kiranta, kuma tun kafin ta gaishe shi ya gane dalili.

"Baba, da gaske kana gane sawun mutum ko a kan dutse? Kuma wai kana jin ƙanshin ɓarawo?"

"Ni ke tambaya yau. Miƙo hannun."

A kan ɗan alinta akwai tabo baƙi ƙirin, gefensa ya fara saɓa.

"Makon jiya ne a darasi, ruwan azurfa ya ɗigar min. Malama tana wurin. Ban ga komai ba da farko, kamar ruwa. Sai da na fita filin wasa rana ta doke shi, kafin in dawo aji ya zama haka. Malama ta ce haske ne ke fito da azurfar daga maɓoyarta, shi ya sa kwalbar take da duhu. Babu sabulun da ban gwada ba. Sai dai fatar ta sake."

"Wa ya ga yatsan?"

"Wa bai gani ba? Har Mataimaki ya kira ni ofis ya jujjuya shi, ya tambaye ni sau nawa na wanke. Na zaci duka zai yi min, sai ya ce in tafi."

Tabon ya tsufa, ya girmi satar da kwana shida. Ya sallame ta.

Amma ya sami abin nema. Ya bi ofis-ofis yana gaisawa da mutane hannu da hannu, kamar tsohon da bai da aikin yi. Shugaba ya ba shi kujera da ruwa. Malamai biyun masu maki, jan biro ne kawai a yatsunsu. Mataimaki ya miƙo hannu da ƙyar daga bayan tebur, yana magana ta cikin takunkumi.

"Dattijo, nan makaranta ce, ba rugar shanu ba. Mun san ɓarauniyarmu."

"Allah ya ƙara sauƙi, ranka ya daɗe. Murar ta yi tsanani?"

"Da sauƙi."

Hannunsa tas, har farce. Baba Sawu ya lura cewa tun da ya shigo mutumin bai yi tari ba, bai ja hanci ba, babu kuma hankici a kan tebur. Amma ba a kama mutum don murarsa ba ta da hayaniya. Da ya koma wurin Inna ta ƙirga safar hannun roba da ke durowa, ta ce guda biyu sun ɓace, ta dama da ta hagu. Ɓarawon ya san ya kare hannunsa. Sawun ya mutu a nan.

*

Alhamis da safe ya hau mota zuwa kasuwa, wurin surukin Inna. Bai yi tsammanin komai ba, amma hanyar da ba ka bi ba ita mutane za su ce ɓarawo ya bi. Maƙerin ya saurare shi, sannan ya yi dariya har ya ajiye guduma.

"Baba, rabin kwalbar ruwa? Ko na san yadda ake fito da ita, azurfar da ke ciki ba za ta yi wa jaririya ɗan kunne ɗaya ba. Wanda ya ɗauki abin nan ba azurfa yake nema ba."

Wannan maganar ita ya riƙa juyawa a mota. In ba azurfar ba, me ruwan yake yi wanda mutum zai so? Abu ɗaya kawai ya ji yana yi: yana baƙanta abu, kuma ba ya wankuwa.

Kafin ya sauka gari ya washe. Rana ta fito da ƙarfinta tun hantsi, kamar mai rama kwanakin da ta yi a ɓoye. Ya shiga makarantar bayan azahar, ya hau baranda yana jan gwiwa, idonsa a ƙasa don ya saba. Taku uku daga ƙofar ɗakin gwajin ya tsaya.

Ɗigo ne baƙi a kan siminti, bai fi ƙwayar wake ba. Jiya babu shi. Da a ce akwai, da ya gani. Ya durƙusa ya kankara da farce. Ba kashin ƙadangare ba ne, ba baƙin mai ba ne, ya shiga jikin simintin. Gaba kaɗan ga wani. Sai inuwar ginshiƙi, babu komai. Yana wuce inuwar, ga wani kuma, a inda ranar safe ta shigo ta ƙarƙashin rufi ta kwanta.

Shekara hamsin yana bin sawun da rana da iska ke gogewa. Yau ga sawun da rana ke rubutawa.

Ya bi shi a hankali. Tsakanin ɗigo da ɗigo taku ne mai tsawo, na dogon mutum mai sauri. Inna sai ta yi biyu kafin ta cike ɗaya. Ɗigon duk yana gefen bango, wato abin yana hannun da aka ɓoye daga farfajiya, buɗaɗɗen abu ne kamar kofi, an cika shi yana tangaɗi. Bai nufi ƙofar fita ba. Ya wuce azuzuwa shida, ya kai bakin lungun ofisoshi, ya mutu a nan, domin lungun babu taga, ƙwan lantarkinsa ma ya ƙone tun ba yau ba.

Ƙofa uku ce a lungun: ta Shugaba, ta Mataimaki, ta ɗakin malamai. A gaban kowace an shimfiɗa tsohon buhu don goge taɓo.

Bai taɓa ko ɗaya ba. Ya koma wurin Malama ya roƙi ɗigo ɗaya daga 'yar kwalbarta a kan wani guntun buhu, suka ajiye a taga inda rana ke bugawa. Kafin Inna ta gama wanke gilasai goma, wurin ya yi duhu.

"Kada ku gaya wa kowa," in ji shi. "Ku dai yi addu'a kada hadari ya dawo."

*

Hadarin ya dawo. Juma'a ta waye a lulluɓe, Baba Sawu yana zaune a kan benci a farfajiya yana kallon sama kamar manomi. Ƙarfe sha ɗaya Shugaba ya fito da takardar a hannu, Mataimaki yana biye da shi da biro. Aka kira Inna da Malama da mai gadi da malamai biyun. Yara suka cika tagogin azuzuwa.

"Baba, ka ce kana da magana," in ji Shugaba. "Lokaci ya kusa."

Baba Sawu ya tashi ya kai su baranda, ya nuna ɗigon ɗaya bayan ɗaya har bakin lungu. Malama ta tabbatar cewa tabon ruwan azurfa ne.

"Wannan me ya nuna?" in ji Mataimaki. "Ita ma tana shiga lungun kullum. Ta yiwu ta je ta ɓoye ne a wani wuri kafin ta fitar."

"Ta yiwu, ranka ya daɗe. Shi ya sa nake roƙon alfarma ɗaya. Kowa ya ɗauko buhun ƙofarsa da hannunsa, a shimfiɗa a tsakar fili. Malama ta ɗauko na ɗakin malamai."

"Wannan wane irin wasan yara ne?"

Amma Shugaba ya riga ya sunkuya ya ɗauki nasa. Dole Mataimaki ya bi. Aka shimfiɗa buhu uku a jere, kowa ya tsaya a bayan nasa. Duk iri ɗaya ne, taɓo da ƙura.

"Mai tafiya da kofi a cike, ɗigo ɗaya-ɗaya yake zubarwa," in ji Baba Sawu. "Amma a inda ya tsaya yana laluben makulli a aljihu da hannu ɗaya, a nan yake zubar da mai yawa, wuri guda. Buhunan nan kwana huɗu suna cikin duhu. Mu ba su haske mu gani."

Suka tsaya. Sama ta ƙi buɗewa. Minti goma, sha biyar. Wani yaro ya yi dariya a taga. Mataimaki ya duba agogo ya miƙa wa Shugaba biro.

"Ranka ya daɗe, muna da aiki. Tsohon nan ya mai da mu masu shanyar buhu."

Inna ta kama makullin wuyanta ta fara ciro igiyar ta kanta.

"Mai da shi," in ji Baba Sawu, bai ko dube ta ba. "Sha biyu aka ce. Da saura."

Sha biyu saura kwata hadarin ya tsage, rana ta faɗo a kan fili. Kowa ya zuba wa buhunan ido. Uwar Tambaya ce, daga tagar ajin ƙarshe, ta fara gani.

"Ga shi can! Na tsakiya!"

A gefen buhun tsakiya wasu tabo sun fara fitowa, da farko ja-ja kamar shayi, sannan suka yi duhu. Bakwai ko takwas, a cure wuri guda, da wani zagaye kamar gindin kofin da aka dire. Sauran biyun suna nan yadda suke.

Mataimaki ya dubi buhun da ke gaban ƙafarsa. Gumi ya jiƙa takunkumin.

"Kowa zai iya tsayawa a ƙofata," in ji shi, amma muryar ta sauka.

"Gaskiya ne. Sai dai kwana huɗu kana mura, ban ji ka yi tari ko sau ɗaya ba. Ga rana ta yi zafi. Sauke ƙyallen nan ka sha iska, ranka ya daɗe."

Shugaba ya juya ya dube shi. Ya kafe shi da ido. Daga ƙarshe Mataimaki ya sa yatsa ya ja takunkumin ƙasa.

Gemun da kowa ya sani da furfura ya zama baƙi wuluk. Amma ba gemun kaɗai ba. Haɓa da kumatu da ƙasan leɓe duk sun yi dabbare-dabbare da baƙin tabo, wani wurin ya ƙone ya tashi. Ya kare hannunsa da safa, ya manta gemu a jikin fata yake tsirowa.

"Gobe Asabar nake da ganawa," ya ce, yana kallon ƙasa. "Neman shugabancin sabuwar makaranta. An ce masu ƙananan shekaru suke so. Rinin kanti kwana goma yake yi ya koɗe. Na ga yatsan yarinyar nan... Na zaci ɗan kaɗan ne, ba wanda zai sani."

"Da aka sani fa?" in ji Shugaba. "Da hannunka ka rubuta wannan." Ya ɗaga takardar. Sannan ya ninke ta biyu ya yaga, ya ce Mataimaki ya ajiye makullan ofis a kan teburinsa, sauran magana ta hukumar makaranta ce. Ya juya ga Inna, ya cire hula a gaban yara ɗari takwas. "Inna, mun zalunce ki. Ki yafe mana."

Inna ta mayar da makullin cikin riga. Ta taka har gaban Mataimaki, ta ɗaga kai don ya fi ta tsawo nesa.

"Jarkar tataccen ruwa tana bayan ƙofa, fara, an rubuta a jiki. Shekara tara kana shiga ɗakin nan kana duba ko na share ƙura. Ko sau ɗaya ba ka tambayi mene ne a ciki ba."

Ta juya ta nufi ɗakinta.

*

Kafin la'asar makarantar da ke maƙwabtaka ta aiko da garin gishirin azurfa a 'yar kwalba. Malama ta auna a sikeli, Inna ta ɗauko jarkarta ta zuba ruwan har kan layi, ta juya a hankali har garin ya narke. Ta ɗaga gilashin. Garau, kamar babu komai a ciki. Ta juye a kwalba mai duhu, ta kulle kabad da kanta.

Baba Sawu yana zaune a kan doguwar kujerar ɗalibai yana murza gwiwa.

"Baba," in ji Malama, tana nuna farin gemunsa da bakin biro, "akwai ɗan ragowa a gilashi. Ko in ɗiga maka?"

Ya shafa gemun tun daga sama har ƙasa.

"Bar min kayana, 'yata. Shekara saba'in na yi kafin in samu ya yi fari haka."

Ya ɗauki sandarsa. A baranda ya tarar da 'yan ajin ƙarshe sun durƙusa a kan ɗigon farko, Uwar Tambaya tana auna tsakaninsa da na biyu da ƙafarta, sauran suna gardamar ko taku nawa ne.